Gurbin Suna a Waƙar Sahura

Ku gyara zama, mai waya ya kashe wayarsa. Ga wata na kawo muku, kuma ba ta dariya ba ce. In na kai ƙarshe ni shiru zan yi, ku ne alƙalai, saboda haka kada wanda ya yi gyangyaɗi ya zo daga baya yana ta da mana jijiyar wuya.

An yi wata yarinya a Funtuwa ana ce mata Sahura, Allah Ya ba ta murya. Ba irin siririyar muryar nan ta waƙoƙin zamani ba, wadda sai ka kasa kunne kafin ka raba ta da kukan sauro. Ta Sahura mai kauri ce, daga ciki take tasowa. In ta ja baiti a tsakar gida, masu shan shayi a bakin titi sai sun waiwayo. Burinta ɗaya ne a duniya, ta fitar da faifan waƙoƙinta a ji ta a rediyo da motocin haya. Ta kuwa fitar. Sai dai mutum uku ne suka ɗauke ta suka kai ta wurin, kuma a kansu maganar take.

Ta farko ita ce Gwaggo Yalwa, yayar mahaifinta, wadda a zamaninta ba a yin daɓe a unguwa ba a kira ta ta ba da waƙa ba. Ita ta fara jin abin da ke maƙogwaron yarinyar, tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. A bakin turmi ta koya mata: taɓarya ta tashi ki ja numfashi, taɓarya ta sauka ki saki murya. Ta hana ta waƙa da hanci, ta ce ciki ake cikawa da iska kafin a buɗe baki. In mahaifin yana gida, sai ta sa ta zura kai cikin wata tsohuwar randa ta yi ta rerawa, don kada sauti ya kai zaure. Ranar da asiri ya tonu, mahaifin ya ce ba a gidansa ba. Ya ce wa yayarsa ko ta daina zuga masa 'ya ko ta bar masa gida. Gwaggo ta ɗaure 'yan komatsanta ta koma ɗakin haya da tsufanta, kuma da Sahura ta girma ita ta raka ta Kaduna da ƙafarta. Har ƙanin nata ya bar duniya ba su koma gaisuwar kirki ba. Da ba don Gwaggo ba, da muryar nan ta ƙare a kiran awaki.

Na biyu shi ne Isiya mai fiyano, wanda ke haɗa kiɗa a wani situdiyo a Kaduna. Kafin ta gamu da shi, Sahura ta gaji da yawo. Duk inda ta shiga sai a ce muryar ta yi girma, a saka ta a na'ura a matse ta har ta koma irin ta kowa. In aka kunna mata, ita kanta ba ta gane kanta. Isiya da ya ji ta, ya cire abin kunnensa ya ajiye, ya ce wannan murya ba a taɓa ta. Mai situdiyon ya ce kasuwa ba ta son mace mai muryar gardi. Isiya ya kafe, aka sallame shi. Sai ya koma ɗakinsa ya jingina katifarsa a bango, ya manna kiret ɗin ƙwai a rufi, ya raba ɗakin biyu da katako ya sa 'yar tagar gilashi a tsakani. Muryar ta fi ƙarfin makirfonsa, tana fasa sauti, sai ya riƙa jan Sahura baya har ta kusa jingina da ƙofa. Ya yi wata da watanni yana gina kiɗa a kewayen muryar, kalangu da garaya da fiyano, maimakon ya lanƙwasa murya ta bi kiɗa. Abokan sana'a suka mai da shi abin dariya, aiki ya ɗauke masa ɗif. Da ba don Isiya ba, da an ji sunan Sahura a faifai amma ba a ji Sahura ba.

Ta uku ita ce Ladidi, 'yar amshinta, kuma ƙawarta da suke kwana ɗaki ɗaya. Da yake kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa wurin ɗaukar waƙa, ita ta fara jin wata 'yar dishewa a ƙarshen baiti, daga baya ta ga jini a gefen mayafi. Sahura ta sa ta rantse da Allah ba za ta gaya wa kowa ba sai faifai ya fita. Ladidi ta rantse. Ta kwana biyu abin yana cin ta, sai ta karya rantsuwar, ta gaya wa Gwaggo da Isiya, ta ɗauki azumin kaffara. Isiya ya sa kwaɗo ya kulle ɗaki, ya ce babu aiki sai an ga likita. Sahura kuwa ta yi wa Ladidi wankin babban bargo a gaban mutane, ta ce hassada ce, gurbinta take nema. Ladidi ta ɗaukar mata jaka suka tafi asibiti. Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, da an ƙara 'yan watanni da ya toshe numfashi. Za a yi aiki, in Allah Ya yarda za ta rayu, za ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma ita da waƙa sai dai ta ji a bakin wasu. Waƙoƙin da suka rage kuma Ladidi ce ta cike da amshi duk inda numfashin ƙawarta ya gaza. Da ba don Ladidi ba, da faifan ya fito ana saurare ana cewa Allah Ya ji ƙan mai shi.

To, ga inda abin takaicin yake. Kun san al'adar mawaƙanmu, ba a rufe waƙa sai an kira sunaye. Sahura ta kira, ba ta yi rowa ba. Ta kira Hajiya mai shagon leshi, ta kira Alhaji mai gidan biki, ta kira shugabar matan unguwa da ta yi alkawarin zuwa ƙaddamarwa. Mutanen da ko ruwa ba su taɓa miƙa mata ba, ta ɗauki wannan murya ta naɗe sunayensu da ita. Su ukun nan kuwa ko ɗaya. Ba butulci ba ne, kunya ce irin tamu. Cewa take: “Ai su na gida ne. Yaya zan tsaya ina yi wa Gwaggo kirari kamar baƙuwa? A bari sai faifai na biyu, zan yi musu waƙa sukutum.” Ni dai a nan nake jin haushinta, kuma a nan nake jin tausayinta, don babu wanda ya gaya mata faifai na biyu ba zai zo ba.

Da ta dawo daga ganin likita ta zauna ta saurari waƙoƙin tun daga farko. Sunan kowa yana ciki ban da na mutanenta. Sai ta tuna a waƙar ƙarshe Isiya ya bar gurbi guda, inda kiɗa ke lafawa a bar kalangu shi kaɗai, an tanade shi don wani mai hali da ba a tsayar ba tukuna. Ta ce kafin a yi mata aiki sai ta cike gurbin nan.

Ranar da za a kwantar da ita, da hantsi, suka haɗu a ɗakin Isiya. Ta sha ruwan ɗumi da zuma, ta gwada jera sunayen uku a numfashi guda. Suka fito a gurguje kamar kiran sunan 'yan makaranta, tari ya yanke su tun ba a je ko'ina ba. Kada wani ya ce min ai sai a ɗauka ɗaya-ɗaya a haɗa a kwamfuta, Isiya ya fi ku sanin wannan. Ita Sahura ba faɗin suna take yi ba, jan sa take, ta ɗaga shi sama ta riƙe har tsikar jikin mai shi ta tashi. Maƙogwaron nan kuwa ja ɗaya ya rage masa, duk wanda ke ɗakin ya ji haka da kunnensa.

Gwaggo ta ce: “'Yar nan, ni na ci zamanina. Kira yaron nan, shi ya rasa abincinsa a kanki.”

Isiya ya ce: “Haba Gwaggo, ni abin da na tarar na ɗauka. A kira Ladidi.”

Ladidi ta ce: “Ni da na jawo za a rufe bakin? Don Allah Sahura ki kira Gwaggo ki fito mu tafi, mai mota na jira.”

Sahura ta shiga ɓangaren ɗaukar murya, ta tsaya wurin da ta saba tsayawa kusa da ƙofa. Isiya ya saki kiɗa. Ta cika ciki da iska yadda aka koya mata a bakin turmi, ta ɗaga ido ta dubi gilashi. Ta ga Gwaggo, ta tuna ranar rasuwar mahaifinta yadda tsohuwar ta zauna can gefe a gidan da aka haife ta, kamar 'yar rakiya. Ta ga Isiya, ta tuna a ƙasa yake kwana tunda katifarsa ta koma bango. Ta ga Ladidi, ta tuna busassun leɓunanta na azumi da kalmar hassada da har yau ba ta nemi yafiyarta ba. Gurbin ya zo, kalangu ya yi ta bugawa shi kaɗai, gurbin ya wuce.

Isiya ya ce ba komai, a sake. Aka sake, ya kuma wucewa. Can dai ta runtse ido ta tsai da suna guda a zuciyarta, ta ɗaga hannu a sako kiɗan. Ta ja numfashi mai tsawo, ta buɗe baki. Tari ne ya fito, da jini. Ladidi ta banke ƙofa ta tare ta, aka wuce da ita asibiti.

Aiki ya yi kyau, Sahura ta tashi. Faifai ya fita, ya kuma karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Ka shiga motar Zariya ka ji shi, ka sauka kasuwa ka ji shi, sunayen Hajiya da Alhaji suna ta amo, su da ko sannu ba su aiko asibiti ba. Isiya ya so ya yanke gurbin, ta girgiza masa kai. Shi ya sa har yau in ka kai waƙar ƙarshe za ka ji mace ta ja numfashi, sai kalangu shi kaɗai, sai waƙa ta rufe.

Gwaggo Yalwa ta rasu ba ta ji sunanta a waƙa ko ɗaya ba. Isiya yana nan, kowa yanzu salonsa yake kwaikwayo, amma tambayi masu sauraro wa ya haɗa kiɗan, ba su sani ba. Ladidi ta yafe tun tuni, sai dai har gobe akwai masu nuna ta da baki suna cewa ga wadda ta yi wa ƙawarta baƙin ciki. Suna guda a gurbin nan da ya share wa ɗayansu hawaye. Sahura kuwa ɗinki take yi yanzu a Funtuwa, magana sai ka matso kusa kafin ka ji. In waƙar ta tashi a rediyon maƙwabta takan tsai da keken, in an zo gurbin leɓunanta su motsa. An tambaye ta sunan wa ta tsayar ran nan, ta ce tunda ba ta faɗa da murya ba, ba za ta faɗa da raɗa ba.

To, ni na kawo ku inda zan tsaya. Ga wadda ta gina muryar ta rasa ɗan'uwanta, ga wanda ya adana muryar ya rasa abincinsa, ga wadda ta ceci mai muryar ta rasa mutuncinta a idon mutane. Numfashi ɗaya ne, suna ɗaya ne. Sunan wa ya kamata Sahura ta kira?