Asu da Dardumar Gulsara

Ga ta nan, ga ta nanku, jikoki.

Ta zo mu ji ta, Malam.

Wannan daga ƙasar Uzbek na ɗauko ta, can bayan Buhara. Da akwai waƙa a cikinta, amma ta zube mini a hanya. Ku karɓi abin da ya iso.

Wata mata ce, Gulsara. Uwarta ta rasu ta bar mata darduma guda, saƙar hannunta, ta gashin tumaki. Ja daga saiwa, rawaya daga ɓawon rumman, shuɗi daga baba. Zanenta lambu ne a kwance. In ka daɗe kana kallo sai ka ji kamar ruwa na gudu a ciki. A ƙasar tasu a ka ake riƙe zanen saƙa, uwa ta ba 'ya. Gulsara kuwa ba ta gama koyo ba ajali ya zo. Zanen gidansu ba ya ko'ina sai jikin dardumar nan.

Rannan sai ga Asu, ɗan ƙwaron nan mai cin tufa, fuka-fuki kamar toka.

Ya ce, "Yaya, wannan ake takawa? Da faso da ƙura? Naɗe ta mana."

Ta naɗe. Maƙwabta suka zo shan shayi, suka zauna a tabarma.

Ya dawo ya ce, "Yaya, rana ɓarauniya ce, launi take sata. Sa ta a adaka."

Ta sa.

Ya sake dawowa ya ce, "Yaya, ido ma cin kaya yake yi. Kar ki buɗe. Ni zan shiga in yi miki gadi, ni da 'ya'yana."

Ta ce, "Me zan ba ka?"

Ya ce, "Haba, tsakaninmu? A ciki zan ƙoshi da lada."

Dusar ƙanƙara ta sauka ta narke. Aka yi wa tumaki sausaya. Gulsara ta kafa masaƙa, ta ce bari ta duba zane. Ta buɗe adaka. An cinye lambu ya zama gari, sai ƙyalle kamar tafin hannu.

Asu ya leƙo ya ce, "Ba wanda ya taka, Yaya. Na cika alkawari."

Ta zauna bakin ƙofa da ƙyallen a cinya. Tsofaffin unguwa suka kewaye ta.

Ta farko ta ce, "Daina kuka, 'yata. Zanen gefen ƙofa ƙahon rago ne. Nan nake durƙusawa in cire takalmi, gwiwata ta haddace shi."

Ta biyu ta ce, "Tsakiya rumman ne a fashe. Nan na zubar da shayi, uwarki ta yi wata tana yi mini gori."

Ta uku makauniya ce. Ta ce, "Ni da tafin ƙafa na san ta. Miƙo ulu."

Suka zauna a jere, ƙulli bayan ƙulli. Wannan ta tuna, waccan ta ƙaryata, a yi dariya a warware a sake. Har lambu ya tashi, har ruwa ya koma gudu. Sai kusurwa ɗaya, wadda tun zamanin uwar Gulsara, adaka ke zaune a kanta. Ba wanda ya taɓa taka ta, ba wanda ya tuna ta. Suka saƙa ta shuɗi zalla.

Gulsara ta shimfiɗa darduma a hanyar shiga. Asu ya zo, ya ga ƙafafu, ya ga rana, ya koma lungu. Har yau can yake.

Abin da ka ɓoye wa mutane, Asu ka ajiye wa.

Daga baya na tambayi wani mai gyaran darduma. Ya tabbatar mini asu ba ya zama inda ake takawa ana kakkaɓewa. Duhu yake nema, da wurin da ba a taɓawa.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya faɗa adaka.