Tunku da Zakaran Kura

Ga ta nan, ga ta nanku. Ban ji ba, ku amsa da ƙarfi. Yauwa, ta zo mu ji ta. Ke Tasalla, fid da ƙafarki daga toka.

Kura ce ta sami kaji, amma ta san halinta, a hannunta ba za su kai gobe ba. Sai ta kai wa Tunku kiwo, kaji da jan zakara ɗaya, in an ƙyanƙyashe su raba 'yan tsaki.

Tunku ya watsa dawa, ya zauna yana kallo. Kaza ta ci, ta yi ƙwai. Zakara ya ci, ya yi cara. Kaza ta ci, ta yi ƙwai. Zakara ya ci, ya yi cara.

Tunku ya ce, "Wannan ƙaton me yake tsinanawa ban da surutu?" Ya fige shi, ya lamushe.

Kaji ba su daina yin ƙwai ba. Tunku ya ce, "Ai na faɗa!" Ya tara ƙwai, kaza ta kwanta a kai. Ta kwanta, ta kwanta, shiru. Sakarai bai san ƙwan da babu zakara na tukunya ne kawai ba. Duk suka zama baragurbi.

Rannan sai ga Kura. "Tunku, ina rabona? Ina zakarana?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Zakara ya je gaida surukai. Ƙwai kuwa sun kusa, kazar ce ba ta da ɗumi. Da dai za a sami babbar mace mai jiki irin naki..."

Kura ta ji daɗi. Ta gyara zani, ta dira a kai, tim! Fas, fas, fas! Wari ya turnuƙe gidan.

Tunku ya ɗora hannu a ka. "Wayyo, Yaya, kin zaune 'ya'yan mutane! Bari ubansu ya dawo. Kin san bakinsa, danga zai hau ya gaya wa gari kaf."

Kura ta riƙe hannunsa. "Rufa mini asiri, ƙanena. Yana dawowa ka kama shi ka cinye. Kajin ma na bar maka."

Tunku ya sunkuyar da kai. "Abu ne mai wuya, Yaya. Amma don ke, zan daure."

Ƙurunƙus kan baragurbi. Duk wanda ya ƙara cewa jan zakarana cin banza yake yi, gobe shi zai kwanta kan ƙwai. Ku tashi ku rufe mini akurki.