Rahoton da Malam Zayyanu Ya Janye

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, shekaru da dama da suka wuce. Sunansa Malam Zayyanu. Hedimasta ne na firamare, mutum mai tsare aiki, kuma bai taɓa ɓoye burinsa ba: yana so wata rana ya zama Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarsu, mai kula da makarantu sama da sittin. Buri ba laifi ba ne, jama'a. Ku dai saurara ku ji.

Sakataren lokacin, Alhaji Gwadabe, ya kusa yin ritaya. Sai ya ɗauko Zayyanu ya kawo shi ofis don ya koyi aiki. Ya koya masa yadda ake rarraba malamai, yadda ake zama da masu unguwanni, yadda ake duba makaranta. Zayyanu yana da kaifin kai, cikin wata shida ya iya duk wannan.

Wata damina aka tura shi duba wata makarantar ƙauye a bakin gulbi, a lokacin hedimastanta ya tafi kwas. Ya je ya tarar da aji uku ba malami, ɗalibai ma 'yan kaɗan ne an haɗa su da wani aji. Ya duba rajistar sa hannu, babu sunan mai ajin, wani Malam Tanimu. Ya koma sau biyu, duk haka. Bai tambayi kowa ba. Ya zauna ya rubuta rahoto mai zafi, aka dakatar da Malam Tanimu daga aiki.

Malam Tanimu ya zo ofis yana neman a saurare shi. Zayyanu ya ce, "Malam, abin da idona ya gani na rubuta. Mun gama magana." Dattijon ya ɗauki hularsa ya tafi.

Rahoton nan ya yi suna. Manya suka ce ga wanda ba ya wasa da aiki. Aka sa ranar da kwamiti zai gana da masu neman kujerar Sakatare, kowa ya san Zayyanu ne a gaba.

To, saura kwana huɗu, ya raka sabon malamin da zai maye gurbin Tanimu ƙauyen nan. Suna tsaye a bakin ruwa sai wani tsoho mai fito ya gaishe shi ya ce, "Malam, ku ne na ofis? Tun da kuka sallami Malam Tanimu yaran tsallake ba su sake ganin alli ba."

Zayyanu ya ce, "Wane tsallake, Baba?"

Tsoho ya ce, "Ai ruwa ya cinye gadar. Yawancin 'yan ajinsa a can hayi suke, iyaye ba sa barin su shiga jirgi. Shi ne kullum da sassafe nake fito da shi, ya koyar da su a gindin tsamiya, in dawo da shi da azahar. Wata biyu muna haka."

Ku saurara da kyau. Ba wanda ya ji maganar nan sai shi da sabon malamin da bai san kan zance ba. Da ya yi shiru kwana huɗu kawai, kujera ta zama tasa, daga baya ya mayar da Tanimu a asirce, a ce ma ya yi masa alheri. Zuciyarsa ta raya masa haka. Ya kuwa saurare ta, har ya kusa yarda.

Amma bai koma gida ba. Daga bakin gulbi ya wuce wurin Alhaji Gwadabe ya ce, "Ranka ya daɗe, na zalunci mutum da alƙalamina." Ya kwashe labari ya faɗa masa.

Alhaji ya ce, "Ka san in ka faɗi wannan gaban kwamiti ka rasa kujerar?"

"Na sani. Amma da wannan rahoton suke yabona, kuma ƙarya ce a cikinsa."

Alhaji ya ce, "Na koya maka duba rajista, ban koya maka tambayar mutane ba. Da laifina a ciki. Je ka yi abin da ka ga ya dace."

Ranar ganawa, shugaban kwamiti ya ɗaga rahoton yana yabo. Zayyanu ya miƙe ya ce, "Ina roƙon a janye shi. Malam Tanimu bai yi fashin aiki ko na yini ɗaya ba. Ni ne na hana shi magana."

Ba a ba shi kujerar ba, jama'a, wani aka ba. Shi kuwa ya ɗauki takardar mayar da Tanimu aiki ya kai masa da kansa har zaure, ya durƙusa ya nemi gafara. Malam Tanimu ya ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tashi, Malam, ba a saba ganin na ofis a ƙasa ba."

Shekara biyar Zayyanu ya yi yana aiki ƙarƙashin wanda ya samu kujerar, ba guna-guni, ba zagon ƙasa. Da wa'adin wancan ya cika, malamai da kansu suka tura wakilai suka ce shi suke so, aka naɗa shi. Ya riƙe makarantun nan shekara takwas, kuma ba a taɓa hukunta malami a zamaninsa ba sai an zaunar da shi an ji ta bakinsa.

To, 'yan'uwa, darasin a fili yake. Shugabanci amana ne, kuma wanda ba zai iya cewa "na yi kuskure" ba bai isa a damƙa masa mutane ba. A cikinku akwai hedimasta, akwai mai shago da ma'aikata, akwai uba a gidansa. Kafin ka yanke wa wani hukunci, ka ji ta bakinsa. In kuwa ka riga ka yanke, ka gano ka zalunta, kada ka jira lokacin da gyaran ba zai ci maka komai ba. Ka tashi yau ka je ka same shi. Allah ya ba mu ikon yin haka.