Rijiyar da Ta Rasa Suna

Ku gyara zama, ga wata nan tafe. Amma na faɗa muku tun yanzu, wannan ba ta sa barci, gardama take haddasawa.

A wani ƙauye mai wahalar ruwa an yi wani mahaƙin rijiya, Nomau, da matarsa Tabawa da 'ya'yansu uku: Barira mai karatu a birni, Mati maƙeri, da Ilu manomi, ƙato kamar kuka. Nomau na haƙa wa gari sabuwar rijiya. Da ya cim ma ruwa, sai ya aro injin ban-ruwa mai shan fetur, ya zura shi da igiya don ya zuƙe taɓo, shi ma ya bi shi ciki. Da hantsi Tabawa ta kawo fura, ta leƙa ta ce, "Malam!" Shiru, sai kukan inji. Can ƙasa ta hango shi a jingine, kai ya langaɓe. Wayyo Allah! Ƙwarya ta suɓuce mata, ta kurma ihu, 'ya'yan da maƙwabta suka sheƙo.

Ilu ya tuɓe riga zai faɗa. Barira, wadda ta zo hutu, ta damƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan na kan waya. A ciki akwai manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda aka ce ta haɗiye rubuce-rubucen duniya, ka tambaye ta ta amsa kamar mutum. Barira ta zayyana mata abin da ake ciki. Kafin ƙiftawar ido amsa ta fito da Hausa tiryan-tiryan: kada kowa ya shiga, hayaƙin inji ya ɓata iskar ramin, wanda ya bi tsohon zai kwanta kusa da shi. A fitar da inji, a tura iska, a nemo mota. Tabawa ta riƙe baki. Abin da bai taɓa riƙe guga ba, ina ya san cikin rijiya? Ikon Allah sai kallo! Nan take aka janyo injin aka kashe shi.

To, da me za a tura iskar? Manhaja ta ce fanka. Fanka kuwa, a garin da ko turken lantarki babu! Mati ya ruga maƙera ya ɗauko zugazugi, ya ɗaura masa tiyon injin, ya zura har ƙasa, ya dinga zugawa gumi na tsiyaya. Can manhaja ta ce a zura fitila a gwada, in ta mutu to da sauran aiki. Har wani maƙwabci ya ƙyasta ashana, sai Mati ya shaƙi wani wari. Ashe garin janyo injin ya karkace, fetur ya zuba ciki. Ya doke hannun mutumin ya ce, "Kai! So kuke ku babbake mana uba?" Da Barira ta gaya wa manhaja, sai ta ce gaskiyarsa, ba ta san da fetur ba, kada wuta ta kusanci wurin. Kun ji fa! Duk iliminta ba ta da hanci, abin da aka gaya mata kawai ta sani.

Saura fito da mutum. Aka tambayi manhaja ko iska ta gyaru, ta ce ba za ta iya tabbatarwa ba, an fi so a jira masu ceto. Su kuwa suna birni, kuma kafin a samo magani, ai an san sauran zancen. Ilu ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce, "Inna, ki yafe mini." In Tabawa ta ce shiga, ta ba da ɗa. In ta ce tsaya, ta ba da miji. Hawaye kawai take yi tana salati. Ilu ya sauka, ya ɗaure ubansa aka janye, shi kuma aka fito da shi yana tangaɗi, idanu sun juye. A asibiti su biyun suka farfaɗo.

Da Nomau ya warke, gari ya taru za a fara ɗibar ruwa. Rijiya kuwa ba ta zama babu suna. Ya ce sunan wanda ya ceci ransa za ta ci, har jikokin jikoki su riƙa faɗa. Ya dubi Tabawa ya ce, "Ni ban ga komai ba, ke kika gani. Faɗi."

Ta dubi Barira, da ba don ta san wanda za ta tambaya ba, da gawa biyu aka ɗauka. Ta dubi Mati, da ba don hancinsa da zugazuginsa ba, da toka aka kwasa. Ta dubi Ilu, wanda ya shiga ramin da babu wanda ya ce masa zai fito. Duk ita ta haife su, ta kasa zaɓen ɗaya. Har yau mata na zuwa ɗibar ruwa a rijiyar, ba su san yadda za su kira ta ba.

To jama'a, Tabawa ta kasa, ku ku raba gardama: sunan wa ya cancanci a sa wa rijiyar nan?