Barewar Ranau a Ƙofar Majami'a

A zamanin da Birnin Gazaure bai zama birni ba, wurin duk dajin ƙaya ne da farar ƙasa, an yi wani maharbi ana ce masa Ranau. Dogo ne, ba ya da yawan magana, kuma ba a taɓa jin ya saki kibiya biyu a kan dabba ɗaya ba. Maroƙa na yi masa kirari da cewa, Ranau baƙin dafi, mai kwana inda zaki ya tashi. Tsofaffi sun ce in ya yi barci a daji, gada kan zo ta lashi tafin ƙafarsa.

Wata shekara ya tarar da wasu mutane zube a gindin aduwa, raƙumansu sun mutu, leɓunansu sun tsage. Yahudawa ne da aka koro daga garinsu can bayan hamada, maƙeran zinariya da dukawa. Babbansu wani dattijo ne, Makluf, wanda ya ɗan iya Hausa ta hanyar fatauci. Shi ne malaminsu, kuma shi kaɗai ne a cikinsu aka ba izinin yanka dabba.

Ranau ya kai su wata maɓuɓɓuga da shi kaɗai ya sani, sannan ya harbo gwanki ya dire a gabansu. Yara suka taso, iyaye suka riƙe su.

"Allah ya saka maka, ɗana," in ji Makluf, "amma ba ma cin abin da kibiya ta kashe. Sai mai rai, lafiyayye, wanda na yanka da hannuna."

"Baba, yunwa kuke ji ko kuwa hira?"

"Yunwa muke ji."

Da wani maharbin ne, da ya kwashi namansa ya yi gaba. Ranau ya zauna ya yi ta kallon mutanen da ke kallon nama suna haɗiyar yawu, har abin ya shiga ransa. Ya jingine baka, ya saƙa raga da igiyar rama, ya koyi kama barewa da rai ba tare da ya ƙwarzane ta ba. 'Yan'uwansa maharba suka yi ta yi masa dariya, wai Ranau ya koma goyon dabbobi.

Haka wurin ya kafu. Ayari ya fara yada zango saboda ruwan, Hausawa da Buzaye suka gina gidaje, aka ja ganuwa. Yahudawa suka zauna a arewacin maɓuɓɓuga, aka sa wa wurin Unguwar Raga. Suka gina majami'arsu, wato ɗakin ibadarsu, a nutse cikin ƙasa, sai an sauka matakala ake shiga. Suka shimfiɗa rairayi a ciki, suka yi alkuki a bangon da ke fuskantar Kudus, suka rataya fitilar da ba a barin ta mutu. Attaurar da ke cikin alkukin nan an rubuta ta ne a kan fatun bareyin da Ranau ya kamo. Shi bai iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma ran Asabar yakan zauna a kan matakala ya saurara, ya ce yana jin muryar dajinsa.

Sai fari ya zo. Damina ta ƙi, ta sake ƙi. Shanu da awaki suka ƙare, namun daji suka gudu kudu. Makluf ya kwanta, jikinsa ya zama ƙashi da fata, kunun dusa ma ba ya zama a cikinsa. Mai magani ya ce romon nama ne kaɗai zai tashe shi. Kowa a unguwar ya san abin da mutuwarsa ke nufi: bai ba kowa izinin wuƙa ba, domin duk wanda ya gwada sai Makluf ya ce hannunsa na rawa. In ya tafi babu mai yanka, babu mai ja musu ibada, kuma ba za su iya zama ba.

Ranau ya shiga daji ya dawo da barewa a kafaɗa. Makluf ya sa aka tashe shi zaune, ya shafa ta tun daga wuya, ya tsaya a cinyar baya. Ta karye a cikin raga.

"Ba ta halatta ba."

Matarsa Mas'uda ta durƙusa. "Malam, kai ka koya mana cewa in don ceton rai ne, dokar ta ɗaga. Ka ci."

"Wannan don mai mutuwa ne. Ni ban kai can ba. In na ci yau, gobe kowa zai ce shi ma mutuwa yake yi."

Ina girmama tsohon nan, amma duk lokacin da na zo wannan gaɓar raina ɓaci yake yi. Addininsa ya buɗe masa ƙofa, shi ya sa kafaɗa ya rufe. Ranau bai yi musu ba. Ya ba maƙwabta barewar, ya ɗauki raga da gora, ya ce, "Baba, ka jira ni."

Ya yi kudu har inda ba ya gane itatuwa. Takalmansa suka tsinke, ya ci gaba. A bakin wani busasshen tafki ya kama 'yar budurwar barewa, ba tabo ba ƙwarzane. Ya naɗe ƙafafunta da rigarsa don kada igiya ta ji mata. Ruwan gorarsa ita yake ba, shi yana tsotsar ɗanyar saiwa. An ce ungulaye sun bi shi tun daga can, suna yi masa inuwa suna kuma jiransa.

Ya shigo ƙofar gari da hantsi, yana tangaɗi. A bakin Unguwar Raga ya haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, wuyan rigunansu a yage kamar yadda suke yi in an yi musu rashi. Bai tambaya ba. Ya wuce har ƙofar majami'a, ya tsaya da barewa a kafaɗa.

Mas'uda ta zo ta shafa cinyar dabbar kamar yadda mijinta ke yi. "Lafiyayya ce," ta ce. "Da ya yarda da wannan."

"Inna, a fito da wuƙar. Wani ya yanka."

"Wa, ɗana?"

Ya dubi mazan unguwar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya sauke barewar ya kwance ta. Gari na mutuwa da yunwa, amma ba wanda ya miƙa hannu. Ta sauka matakala a hankali ta shige majami'a, aka bi ta da fitila, ba a ga komai ba sai sawunta a kan rairayi. Ranau ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda maza ke jin kunyar ji.

Da ayarin gishiri ya taso, Yahudawa suka naɗe Attaurarsu suka bi shi arewa. Ba a sake jin labarinsu ba, ko sun isa ko hamada ta cinye su. Ranau ya ƙi yarda. Duk shekara, in lokacin ya zagayo, sai ya kamo barewa ya kai ƙofar ya tsaya, ko wani ya dawo. Haka ya yi har idonsa ya mutu, jikokinsa na jan hannunsa.

Unguwar Raga tana nan. Majami'ar rufinta ya rufta, jemagu sun gaje alkukin, baƙi masu yawon buɗe ido kan sauka su ɗauki hoto su fito suna toshe hanci. Amma maharban Gazaure ba su bar al'adar ba. Kafin faɗuwar damina Sarkin Baka kan kamo barewa da raga, ya kai ta bakin matakala, ya ɗaga murya ya ce, "Ga ta lafiyayya, akwai mai yanka?" Jama'a su yi tsit suna jira. Sannan ya kwance igiyar.