Gizo Sarkin Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku daina tsokanar juna ku matso. Wata shekara Gizo ya shiga fadar Zaki yana bugun ƙirji. Ya ce, "Yanka ya daɗe," kun san harshen Gizo ba ya iya faɗin ranka, "ka naɗa ni Sarkin Tafki. Wallahi daga bana ba wanda zai ƙara taɓa laka a garin nan. Ruwa kuwa sai kun roƙe ni in rage."

A garin namun dajin nan tafki ɗaya ne tak. Kowace bazara, in ya ƙafe, sai a yi gayya. Kowa ya fito da fartanyarsa a yashe laka, a zurfafa shi kafin ruwan sama, don ya riƙe ruwa har ƙarshen rani. Mata su dama fura, a sha, a yi waƙa, a watse. Ba wanda ke aiken wani.

Zaki ya yi hamma ya ce, "An naɗa ka."

Gizo ya sha rawani wanda ya fi shi girma. Ya sa aka yi shela: yasar tafki ta zama aikin hukuma. Hatsin furar gayya kuma kowa ya kai gidan Sarkin Tafki. Talakawa suka ce madalla, bana bayanmu ya huta. Matarsa Ƙoƙi ta cika rumbu, har da na aro.

Bazara ta yi nisa. Bushiya ta zo ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a fara yasa?"

Gizo ya ce, "Gobe!" Kashegari ya tara makaɗa a bakin tafki, ya sari ƙasa sau ɗaya da sabuwar fartanya, aka yi guɗa, ya koma gida ya sha fura.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Bushiya ta dawo. "Ranka ya daɗe, ga gajimare fa."

Gizo ya ce, "Na naɗa masu duba lamarin." Wa ya naɗa? Hawainiya da Kunkuru. Har yau suna kan hanya.

Na ukun, Bushiya ba ta je gidansa ba. Ta kira Barewa, wadda ke da ƙaramin ciki, suka ɗauki fartanyu suka shiga tafki da kansu. Sai ga Gizo a guje, rawani na jan ƙasa.

"Kai! Wa ya ba ku izini? So kuke a ce hukuma ta gaza?"

Barewa ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke cikina zai sha ruwa da rani."

"Zai sha har ya yi iyo! Ku ajiye fartanyun nan." Ya ƙwace su ya kulle a ɗaki.

Damina ta sauka a kan tafki mai cike da laka. Ruwa ya zo, bai sami wurin zama ba, ya wuce abinsa. Ko sanyi bai gama fita ba tafki ya tsage kamar faso. Tsuntsaye suka yi ƙaura. Barewa ta haihu, nono ya ƙafe, ɗanta ya koma ƙashi da ido.

Kukan gari ya yi yawa har ya hana Zaki barcin rana. Ya aika wa Gizo cewa jibi zai zo ya ga tafki da idonsa.

Gizo ya ruga gida. Ya ce, "Ƙoƙi, ina babbar randar nan taki?" Suka haƙa rami a tsakiyar tafki, suka binne randa, suka shafe bakinta da laka. Ƙoƙi ta yi ta jigilar ruwa daga rijiyar wani gari har wuyanta ya sage. Gizo ya yafa ganye a kai.

Zaki ya iso, gari duk ya biyo shi, leɓe a bushe. Gizo ya yaye ganye ya ce, "Yanka ya daɗe, ga idon ruwa na tono! Zurfinsa ko Giwa ta faɗa sai an yi mata salla. Amma kada kowa ya matso sai an yi bikin buɗewa."

Barewa ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ruwa kawai ta gani. Ta tura ɗanta gaba, ta zabura, kofatonta ya sauka a bakin ramin.

Ƙwas!

Randa ta dare. Ruwan ya tsiyaye cikin tsagar ƙasa, kowa na kallo, kafin ɗan barewa ya sa baki. Ya tsaya yana lasar laka.

Ƙoƙi ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo randata ta aure!"

Giwa ta sa hanci ta zaro fasasshen bakin randa, ta rataya wa Gizo a wuya.

Zaki ya yi ruri. "Munafuki! Ka cuci talakawana!"

Bushiya ta ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma kai da ke da rijiya a cikin gidanka, yau ne ka fara tako tafkin nan."

Zaki ya dubi ƙasa. Gizo ya waiga dama, ya waiga hagu, babu ko bangon da zai haye. Yana nan tsaye da fasasshen bakin randa a wuya, gari duk ya zuba masa ido, ba wanda ya yi ko dariya. Ƙishirwa ba ta bar musu yawun yi ba.

To kun ji, yara. Shugaban da ya karɓe aiki daga hannun jama'a, in bai yi ba, ya yi ɓarna biyu: bai yi ba, ya kuma hana a yi. Wanda ya naɗa shi ya koma barci kuwa, laifinsu ɗaya.

Ƙungurus kan kusu! Kowa ya sha ruwa ya gode Allah kafin ya kwanta.