Sanarwar da Malam Irmiya Ya Haɗiye

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye can gindin duwatsu, tun zamanin da ake buga tsohon ƙarfen mota a kira mutane sujada. Sunansa Irmiya, ana ce masa Malam Irmiya. Ku saurara, 'yan'uwa, don ba a banza na ɗauko labarinsa yau ba. Ɗazu da aka kira waɗanda ikkilisiyarmu za ta aika makarantar tauhidi, ina kallon fuskokinku. Aka ce wance za ta yi satifiket, kuka yi tafi. Aka ce wane difloma, kuka yi tafi. Da aka ce wane digiri, sai tafin ya rage, har na ji wani ɗan tsaki daga baya can. Ban ga mai shi ba, kuma ba na son in gani.

To, Malam Irmiya mai bishara ne. Shi ya fara tara mutanen ƙauyen nan a gindin ɗorawa, shi ya yanko ciyawar jinkar majami'a ta farko, shi ya bi gida gida har aka sa mata kwano. In an yi haihuwa shi ne, in an yi rasuwa shi ne. Amma karatunsa na ajin yaƙi da jahilci ne, Hausa zalla, kuma ba a taɓa naɗa shi ba. Kun san abin da wannan ke nufi. Zai koyar da masu neman baftisma har su ƙware, ranar shiga ruwa sai a ɗauko Rabaran daga wani gari a kan keke, shi kuma ya tsaya bakin rafi yana riƙe wa mutane zane. Bai taɓa gunaguni ba, ko a gaban matarsa Rifkatu.

A cikin waɗanda ya riƙe wa zane akwai wani Filibus, magidanci ne da mata da 'ya'ya. Malam Irmiya ne ya janye shi daga gidan burkutu, ya koya masa yadda ake tsayawa gaban jama'a ba gwiwa na rawa. Filibus ma Baba yake ce masa. Sai dai Filibus yana da abu ɗaya da malaminsa ba shi da shi, ya taɓa yin sakandare.

Ana nan sai makarantar tauhidi ta yankin ta buɗe ƙofa ga manya, masu iyali, waɗanda karatu ya wuce su. Hanya uku ce. Akwai satifiket da Hausa, a rani kawai, ka gama kaka ka tafi, ka dawo kafin ruwan fari. Akwai difloma, ita sai da ɗan Turanci. Akwai kuma digiri, wannan sai mai takardar sakandare, kuma sai ka ajiye fartanya gaba ɗaya na wasu shekaru. Su biyu suka tafi tare, Malam Irmiya ma shi ya nuna hanya. Malamin da ya karɓe su ya dubi furfurarsa, ya yi masa magana da ladabi ƙwarai, ya ce, Baba, kai satifiket ne zai dace da kai. Ya juya ga Filibus ya ce, kai kuma digiri.

Ba a daɗe ba shugabannin gunduma suka faɗa a fili, cewa ikkilisiyar ta girma, tana bukatar Rabaran nata. In Filibus ya gama, za a naɗa shi a ba shi wurin, da mumbarin da gidan fasto, Malam Irmiya kuwa a tura shi wani sabon wuri. Ranar ce wani abu ya shiga cikin mutumin nan ya zauna. Kishi, 'yan'uwa. Kada ku ce mai wa'azi ba ya kishi. Wa ya gaya muku? Zuciya ba ta da ƙashi, ko ta wane ce.

Yanzu ku saurara da kyau, a nan maganar take. Al'adar wurin ita ce, in mutum ya tafi karatun aikin Ubangiji, ikkilisiya ce ke nome masa gona da gayya, don iyalinsa su ci, shi ma a aika masa da abin tuwo. Kuma gayya ba ta fita sai an yi sanarwarta ranar Lahadi, daga bakin mai riƙe da ikkilisiya. In bai faɗa ba, ko kare ba zai je gonar ba. Kun gani? Karatun mutumin da zai zo ya raba shi da wurinsa, a bakinsa yake rataye.

Shekarun farko ya yi sanarwa, ko da yake murya kamar mai ciwon haƙori. Ya yi nasa satifiket ɗin a ranin da ya samu, ya kawo takardarsa gida, babu wanda ya ce a gani. Filibus kuwa in ya zo hutu, matasa har rige-rigen ɗaukar masa jaka suke, suna cewa ga Rabaran ɗinmu na gobe. Wata Lahadi aka ba shi wa'azi, zumuntar mata suka yi ta rangaɗa guɗa. Malam Irmiya yana zaune a bayansa, ba abin da ya shiga kunnensa, kuskure kawai yake jira, bai kuwa samu ba. Ya koma gida ya ce tuwon Rifkatu ba gishiri. Tuwo da gishiri? Mata, ku daina dariya, kun san irin wannan dawowar.

A daminar ƙarshe, wadda daga ita sai gamawa, wani dattijon ikkilisiya mai suna Zakka ya same shi a inuwa. Shi ma abin na cinsa, don ɗansa ya nemi gurbin karatun bai samu ba. Ya yi ta zagaye-zagaye, ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ya ce mutane ma sun gaji da noma gonar wani shekara da shekaru. Sannan ya rage murya.

"Malam, ni ban ce ka yi masa komai ba. Ka dai yi shiru. Mutum ba ya mantuwa ne?"

Maganar ta bi Malam Irmiya har gida. Lahadi ta zo, ya tashi ya yi sanarwar aure, ya yi ta koyon waƙa, ya yi ta akuyar da ta ɓata. Da ya zo kan gayyar gonar Filibus, sai ya haɗiye ta, ya ce mu tashi mu yi addu'a. Ba wanda ya tuna masa, kowa ma daɗi ya ji. Wata Lahadin ma haka. Ruwa kuwa yana ta sauka, ciyawa ba ta jiran kowa, har ta shanye dawar Filibus, sai ka duba da kyau kafin ka gane shuka ce a wurin.

Wata safiya ya bi ta gefen gonar zai je tasa. Sai ga Briskila, matar Filibus, ita kaɗai a tsakiyar ciyawa, goyo a baya, tana ta fama da fartanya. Ya so ya wuce kamar bai gani ba, amma ta riga ta hango shi. Ta taho ta durƙusa ta gaishe shi, har tana yi masa godiya, wai ta san yana iya ƙoƙarinsa, mutane ne suka gaji.

"Baba, na aika wa maigidan yadda gonar take. Ya ce in dawar nan ta lalace zai ajiye karatun ya dawo, ba zai zauna a aji 'ya'yansa na kwana da yunwa ba. Ka sa mu a addu'a."

Kun san abin da ya ji? Daɗi ya ji. Wani sanyi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Matar tana durƙushe a gabansa, zufa na ɗiga daga haɓarta, tana roƙonsa addu'a, shi kuwa zuciyarsa na cewa madalla. Wannan daɗin ne ya tsorata shi. Ya ce a ransa, af, Irmiya, nan ka kai? Mutumin da ka ciro daga gidan burkutu da hannunka, yau faɗuwarsa kake wa murna? Bai iya yi mata addu'ar ba. Ya je gonarsa ya zauna a kan dutse har rana ta take, ko layi ɗaya bai nome ba.

Da Lahadi ta kewayo ya tashi lokacin sanarwa. Ya dubi jama'a. Sannan ya ce:

"Akwai sanarwar da ban yi ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Ɓoye ta na yi. Kishin ɗana Filibus nake yi, don ya samu abin da ban samu ba, kuma zai zauna inda nake zaune. Na so gonarsa ta mutu don karatunsa ya mutu. Ku gafarce ni, ku roƙa mini Allah."

Dattijo Zakka ya sunkuyar da kai yana ta gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Malam Irmiya bai ambaci sunansa ba, ba ranar ba, ba kuma daga baya ba.

Sai dai tuba ba ta cire ciyawa. An riga an raba ranakun gayya, kowane gida da ranarsa, kuma ba mai yarda ya saki tasa a tsakiyar damina. Rana ɗaya ce yake da iko da ita, wato ta gonarsa, wadda za a yi a makon. Ya ce a kai ta gonar Filibus. Rifkatu ta dama kunun gayya da hatsinta, aka sha shi a gonar wani, kuma ba ta ɓoye fushinta ba. Ta ce masa ya tona wa kansa asiri a bainar jama'a, bai ishe shi ba, sai da ya haɗa da rumbunta. Ya ce ta yi gaskiya, ya ba ta haƙuri. Shi ne a gaban masu noma ranar, tsoho da shi, yana nome gonar wanda zai gaje shi.

Kuna jira in ce Allah ya sa gonarsa ta yi ninki biyu, ko? A'a. Dawarsa ta yi ja, ta tsumbure, abin da suka girba bai kai su ko'ina ba, suka ci rogo a shekarar har ya fita ransu. Dawar Filibus ta yi kyau, ya gama digirinsa, aka naɗa shi. Ranar naɗin, da aka sa masa farar kwalar fastoci a wuya, Malam Irmiya ya sake jin abin nan ya soke shi a ƙirji, sabo fil. Ya bar shi yana sukarsa, ya tashi ya yi tafi tare da kowa. Bayan haka ya kwashe kayansa daga gidan fasto, ya share ɗakunan, ya tafi wani ƙaramin ƙauye bayan dutse, ya sake farawa a gindin bishiya da mutanen da ba su cika benci biyu ba.

Damina ta gaba yana cikin 'yar gonarsa shi kaɗai, sai ya hango wani na tahowa da fartanya a kafaɗa. Rabaran Filibus ne. Briskila ta gaya masa komai tun tuni. Ya gaishe shi har ƙasa, ya cire kwalar ya rataye a reshen ƙirya, ya naɗe hannun riga. Tsohon ya dubi abin yana lilo a reshe.

"Filibus, kada in ruɗe ka. Har yau in na ga farin abin nan, sai na ji wani iri."

"Na sani, Baba. Da shi a ranka ka nome gonata."

"To, kama wancan layin, ni in kama wannan."

Haka ya riƙa zuwa kowace damina har Allah ya ɗauki ran tsohon, kuma shi ya yi wa'azin jana'izarsa, bai iya ƙarasawa ba.

'Yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Kishi ba ya sallama kafin ya shiga, kuma ba lallai ne ya fita ranar da ka kore shi ba. Ba za a tambaye ka don me ya zo ba. Abin da za a tambaye ka shi ne, da ya zo, ka ba shi bakinka da hannunka? Yawancinmu ba za mu taɓa sa wa gonar ɗan'uwa wuta ba, mun fi ƙarfin wannan. Namu shiru ne. Ka san ana neman mutum a wani wuri, ka ƙi ambaton sunansa. An tambaye ka halinsa, ka ce, to, Allah dai ya sani. Wannan shirun ma Allah yana jinsa.

Ga mutanenmu nan uku zaune a gaba. Kai mai digiri, kada ka dawo kana kallon mai satifiket ta saman tabarau, ka tuna akwai waɗanda za su ɗauki nauyin gidanka kana aji. Ke mai satifiket, kada ki raina naki, da irinsa aka kafa majami'un da masu digiri ke wa'azi a ciki. Ku kuma sauran, mu ba gayya muke yi ba yanzu, amma 'ya'yansu za su bukaci mai kai su makaranta, shagunansu za su bukaci mai dubawa, iyayensu tsofaffi za su bukaci mai leƙawa. Kowa ya san wadda ta faɗo a kansa.

Kai kuma mai tsakin nan na baya, ban san ka ba, amma na san abin da ke sukarka, kuma ba kai ka fara jinsa ba. Ba na ce ka jira sai ya daina ba, don kana iya tsufa kana jira. Da an tashi, ka zo da shi a ƙirjinka ka miƙa wa ɗan'uwanka hannu, ka tambaye shi wane aiki zai bari a baya. Mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.